RA'AYI: Tallafi na zuwa yana wucewa a Adar, yaushe zai zama haƙƙin talaka?

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tahoua, da wuya ka sami ƙauyen da bai taɓa ganin wani shirin tallafi ba. An yi aiki an biya da abinci, an yi aiki an biya da kuɗi, an raba gero kyauta, an sayar da shi da rahusa, an kafa bankunan cimaka, an rubuta sunayen mata ana ba su jaka goma duk wata. Kusan shekara hamsin ke nan ana haka. Amma ka tambayi magidanci a Garhanga ko Karofan ko Bangi abin da yake dogaro da shi idan damina ta ƙi, ko cuta ta kwantar da shi, ko tsufa ya hana shi riƙe hauya. Da wuya ya ambaci ko ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan. Bayan Allah, ɗansa da ke Abijan ko Sabha ko Legas zai ambata.

Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin uku na da mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, kuma yau sun haura haka nesa ba kusa ba. Tambayar da ya kamata mu yi a madadinsu ita ce: me ya hana duk wannan tallafi ya rikiɗe ya zama tsarin walwalar jama'a, wato tsarin da ɗan ƙasa ya san tun kafin masifa ta zo cewa akwai abin da doka ta tanadar masa, ya san nawa ne, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in an hana shi?

Ra'ayina shi ne talaucin ƙasa kaɗai bai isa ya zama amsa ba. Abin da ke sa irin wannan tsari ya kafu a ƙasa mai tasowa shi ne wanda ke biyan kuɗinsa da kuma wanda ke da bakin nemansa. A Adar, mai biya yawanci baƙo ne, mai karɓa kuma ba a ba shi bakin magana ba. Muddin haka abin yake, tallafi zai ci gaba da zama kyauta, kyauta kuwa ba a ƙorafi idan ta yanke.

An ɗinka rigar ne don mai albashi

Tsarin walwalar jama'a a ƙasashen masana'antu aka haife shi. A Jamus, Bismarck ya kafa inshorar lafiya ta ma'aikata a 1883, ta haɗari a wurin aiki a 1884, sannan fansho a 1889. Tsoron ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan gurguzu na cikin manyan dalilan da suka tura shi. Dukkan tsarin a kan abu guda ya tsaya: mutum na da albashi, ana yankar wani abu duk wata, mai kamfani ya ƙara nasa, a tara don ranar buƙata.

Mu ma ta wannan ƙofa abin ya iso mana. Bayan yajin aikin da ma'aikata suka sha yi a Afirka ta Yamma, Faransa ta fitar da dokar ƙwadago ta ƙasashen da take mulka a watan Disambar 1952, aka fara biyan alawus na iyali a 1956. Bayan samun 'yanci, Nijar ta kafa asusun CNSS a 1965 don ma'aikatan kamfanoni, ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu tsarin fansho, wanda yanzu ke hannun CARENI. Babu mai raina amfanin waɗannan ga wanda ke cikinsu. Sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan Nijar a karkara suke zaune. Manomin albasa na kwarin Tarka, da makiyayi, da mai tura baro a kasuwar Madawa, da matar da ke soya ƙosai a tashar Buza, babu wanda ke da takardar albashi a cikinsu. Tun ranar farko tsarin bai san da su ba.

Abin da manomi ya samu daga Bature shi ne rumbun tsimi na dole. Bayan yunwar 1931, hukumar mulkin mallaka ta tilasta wa magidanta su riƙa zuba wani kaso na hatsinsu a rumbun ajiya, mabuɗin kuma ba a hannunsu yake ba. Tunanin bai da laifi, amma yadda aka yi shi ya sa mutane suka ɗauke shi a matsayin wani harajin. Daga nan talaka ya koyi cewa hukuma zuwa take ta karɓa, in kuma ta bayar to alfarma ta yi. Wannan tunani bai gama barinmu ba har yau.

Sai yunwa ta taɓa kujera ake buɗe baitulmali

Duk wani mataki babba da aka ɗauka a Nijar don kare talakan karkara, in ka duba, wata masifa ce ta gabace shi. Farin 1973 zuwa 1974 ya zo da mutuwar dabbobi da gudun yunwa, kuma ranar 15 ga Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani yana mai kafa hujja da yadda aka yi wasa da kayan agaji. Sabuwar gwamnati ta san abin da ya kayar da ta baya, don haka ta ba ajiyar cimaka ta OPVN, wadda aka kafa tun 1970, muhimmanci na musamman. Kuɗin yuraniyom ya taimaka mata na 'yan shekaru. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai ga tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na FMI da Bankin Duniya, sai karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sai biyan kuɗin magani a gidajen likita na gwamnati. Walwalar da aka jingina da farashin ma'adini guda, tare da shi take faɗuwa.

Shekarar 2005 ta fi kowace nuna yadda abin yake. Fara da fari sun cinye amfanin gonar 2004, farashin gero ya yi tashin gwauron zabo. A farkon shekarar gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara, fulawa, ruwa da lantarki. Ƙawancen ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa ya tsayar da Yamai da sauran manyan birane cak a watan Maris, kuma kafin Afrilu ya ƙare an janye mafi yawan harajin. Mutanen karkara fa? Gwamnatin Tandja Mamadou ta ƙi amincewa ana yunwa, ta tsaya kan sayar da hatsi da rahusa ga mutanen da ko rahusar ba su iya biya. Sai da hotunan yara ramammu suka zagaya duniya ta gidajen talabijin na ƙasashen waje, sannan aka fara rabon kyauta a watan Agusta. A wannan shekara kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, Keita na cikin wuraren da ta buɗe cibiya, kuma tun daga wancan lokaci take aiki a Madawa.

Ɗan birni ya sami biyan buƙata cikin makonni saboda yana iya rufe titi. Manomin Tabotaki ya jira watanni saboda ba shi da titin da zai rufe. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, ya daɗe yana nuna cewa yunwa ba ta yin kisan kiyashi a inda masu mulki ke tsoron ƙuri'a kuma 'yan jarida ke da bakin faɗa. A 2010, da sojojin Salou Djibo suka karɓi mulki, sun fito fili sun amsa akwai matsalar cimaka, kuma kundin tsarin mulkin Nuwambar wannan shekara ya rubuta haƙƙin samun wadataccen abinci mai kyau a cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. An ci gaba, babu shakka. Amma haƙƙin da babu kotun da talaka zai kai ƙara a kansa, a takarda yake kwana.

Abin da Keita ta koya mana

Babu inda ya fi Adar cancantar a tsaya a yi nazarinsa. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan itatuwan bedi a kwarin Majiya da ke gundumar Buza don kare gonaki daga iska. A 1984, shekarar yunwar da mutanenmu ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi, aka ƙaddamar da babban aikin raya karkara na Keita. Italiya ce ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta jagoranci aikin, hukumar PAM kuma ta kawo abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Da yake maza sun tafi ci-rani, mata ne suka fi yawa a filin aiki, su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan tuddai, su suka haƙa ramukan tare ruwa. Cikin kimanin shekara ashirin an farfaɗo da fiye da hekta 30,000 na ƙasar da ta mutu, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an yi madatsun ruwa da rijiyoyi da hanyoyi. Har yau ana kawo baƙi daga ƙasashe su gani.

Keita ta kashe wata tsohuwar magana, wadda ke cewa talakan karkara zaman jiran sadaka yake. Da aka ba shi aiki mai amfani aka kuma biya shi a kan lokaci, ya yi abin da injiniyoyi suka yi mamaki. Ta kuma nuna cewa aikin rani na iya zama abu biyu a lokaci guda: abincin iyali na bana, da gyaran ƙasar da za ta ciyar da su baɗi.

Amma aikin na da ranar rufewa. Matar da ta yi shekara goma tana ɗaukar dutse ba ta fita da fansho ba, ba ta fita da tabbacin aikin rani mai zuwa ba. Madatsar ruwa na son yashe, hanya na son ciko, bishiya na son tsaro, kuma waɗannan ba aikin shekara biyar ba ne, aikin har abada ne. Da baƙo ya naɗe tabarmarsa, babu wani layi a kasafin kuɗin ƙasa da ya gaji nauyin yadda ya kamata. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wa ke biya?

Wannan tambaya ce ke bin kowane shiri da aka yi daga baya. Tsakanin 2005 da 2007 gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa, awon ciki, tsarin iyali da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a matsayin kyauta. Mataki ne da ya ceci rayuka: wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma jinyar kyauta na cikin dalilan da aka lissafa. Sai dai tsarin shi ne gidan likita ya yi aiki, ya aika takardun neman biya, baitulmali ya mayar masa da kuɗinsa. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun nuna yadda biyan ke makara watanni har shekaru. Sakamakon kowa ya san shi: ganin likita kyauta, amma magani babu, sai a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya.

A 2011 aka amince da manufar ƙasa ta kare rayuwar jama'a, Bankin Duniya kuma ya ba da dala miliyan 70 don shirin da ke ba gidajen da aka zaɓa sefa 10,000 duk wata har tsawon wata 24, jihar Tahoua na cikin jihohin farko. Zango na biyu shi aka raɗa wa suna Wadata Talaka. Kuɗin ya yi amfani. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya gano cewa matan da aka haɗa musu tallafin da horo, da ƙungiyar adashe, da jarin sefa 80,000, sun ƙara samun kuɗin shiga daga ƙananan sana'o'i. Amma LASDEL ta kuma gano wani abu: a ƙauyuka da dama mutane ba su gane yadda aka zaɓi wannan gida aka bar na maƙwabci ba, alhali tukunyarsu iri ɗaya ce. Zargi ya yi yawa, wasu wuraren ma da masu rabo sun juya baya sai a tattara kuɗin a sake raba wa kowa. Idan ƙa'ida ba ta fito fili ba, wanda ya samu sa'a ya yi, wanda ya rasa kuma mai gari zai zarga.

Sai ga jarrabawar 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Bankin Duniya da wasu masu ba da tallafi suka dakatar da sakin kuɗi. A watan Oktoba gwamnati ta rage kasafin shekarar da kashi 40 cikin 100, daga kusan biliyan 3,290 zuwa kusan biliyan 1,980. Wato a daidai lokacin da tiyar gero ta fi tsada, a lokacin ne kuɗin tallafi ya fi ƙaranci. Ko me mutum yake gani game da siyasar wannan lokaci, darasin ɗaya ne: abincin yaron Sabon Gida bai kamata ya dogara da jituwar Yamai da Washington ko Brussels ba.

Tushen matsalar haraji ne. Abin da Nijar ke tarawa na haraji bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, alhali ma'aunin ƙungiyar UEMOA kashi 20 ne. A Satumbar 2024 hukumomi sun rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, suka mai da haihuwa kyauta. Abin a yaba ne. Amma tambayar 2006 tana nan ba ta tsufa ba: wa zai cike wa gidan likita giɓin, kuma cikin kwana nawa?

Wanda ke ɗauke da kayan a zahiri

In gaskiya za a faɗa, babban asusun kare rayuwa na Adar shi ne ɗan ci-rani. Shi ke sayen buhun gero a bazara, shi ke biyan tiyata, shi ke aurar da ƙanne, shi ke rufin ɗakin da ruwa ya rushe. Layin da ake yi a ofisoshin Nita da Al Izza da ire-irensu ranar kasuwa ya ishi mai shakka hujja. Gidajen siminti na Tamaske da yawansu da guminsa aka gina su.

To amma shi wa ke kare shi? A 1983 Najeriya ta kori baƙi marasa takardu. A 2011 yaƙin Libiya da rikicin zaɓen Kodebuwa sun maido dubun-dubatar matasa gida hannu rabbana, gidan da ke jiran aike ya wayi gari da ƙarin baki. Aljeriya na ci gaba da zube mutane a kan iyaka wajen Assamaka. Faɗuwar naira tun 2023 ta sa wanda ke aiki a Legas ko Kano yana aiko abin da ya saba aikowa, amma in an canza ya zama ɗan kaɗan. Saurayin da ya faɗo daga gini a Tarabulus ba shi da inshora, iyalinsa ma da shi suka faɗo.

Sauran hanyoyinmu na gargajiya, zakkar hatsi da gayya da adashe da gudunmawar biki, suna aiki sosai idan gida ɗaya masifa ta faɗa wa. Idan fari ya game gari, mai bayarwa da mai karɓa duk mabuƙata ne. Mutanen Bangi sun karɓi 'yan'uwansu da suka gudo daga jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, suka raba abin da ke rumbu da su. Karamci ne babba, amma rumbu ba ya ƙaruwa don baƙi sun ƙaru. Akwai kuma gidan da ba shi da ɗa a waje: bazawara mai ƙananan yara, tsoho marar haihuwa, naƙasasshe. Su ne tsarin ci-rani ya manta da su gaba ɗaya.

Wani abin da ba mu cika faɗa ba shi ne ci-rani na sauke wa hukuma nauyi. Matashin da ya kamata ya tsaya ya tambayi inda kuɗin asibitin garinsu ya shiga, yana can yana sayar da shayi a Abijan. Ya toshe ramin da aljihunsa, saboda haka babu wanda ya ji ƙarar faɗuwa.

Masu cewa ba za a iya ba

Akwai hujjoji uku da ake kawowa, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, ƙasa na cikin yaƙi, tsaro na cin kaso mai yawa. Gaskiya ne. Sai dai matashin da ba shi da abin yi daga Nuwamba zuwa Yuni shi ne wanda masu ɗaukar makami suka fi saurin samu, don haka aikin rani ma wani sashe ne na tsaro. Ta biyu, yawan jama'a na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara bisa ƙidayar 2012, duk abin da aka gina sai ya yi kaɗan. Wannan ma gaskiya ne. Amma mutumin da ba shi da fansho, 'ya'yansa ne fanshonsa, kuma uwar da ba ta da tabbacin ɗanta zai rayu ba za ta saurari wa'azin tazarar haihuwa ba. Ta uku, wai tallafi na koya lalaci. Tuddan Keita sun riga sun amsa wannan.

Ƙasashen da suka fara ba su jira sun yi arziki ba. Lesotho, ƙaramar ƙasa matalauciya, ta fara biyan fansho ga tsofaffin da suka kai shekara 70 a 2004 da kuɗin harajinta. Senegal ta fara ba iyalai matalauta sefa 25,000 duk wata uku a 2013, kuma baitulmalinta ne ya ɗauki mafi yawan kuɗin tallafin. Indiya ta yi doka a 2005 wadda ta ba kowane gidan karkara damar neman aikin kwana 100 a shekara, in hukuma ta kasa samar da shi cikin kwana 15 sai ta biya diyya. Abin da ya haɗa su: ƙa'ida mai sauƙi da kowa ke iya ganewa, da kuɗin gida.

Mu yi lissafi a fili. A ce gida 100,000 a gundumomin nan uku kowanne ya sami aikin kwana 60 a rani, a kan jaka ɗaya da rabi a rana. Biliyan 9 ke nan a shekara. In aka faɗaɗa shi ga ƙasa baki ɗaya bisa yawan jama'a, zai kai wajen biliyan 120, kusan kashi 4 cikin 100 na kasafin da ke kusa da biliyan 3,000, ban da kuɗin kayan aiki da masu sa ido. Kuɗi ne mai yawa. Amma bai fi ƙarfin ƙasar da ta fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin a 2024 ba. Asusun haɗin kai na ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023 ma ya nuna cewa idan hukuma ta ƙudurta, tana iya tara kuɗi daga kiran waya da mai da tikitin mota, har da gudunmawar 'yan ƙasa mazauna waje. Dabarar tarawa akwai ta. Saura a yanke shawarar abin da za a yi da ita.

Abin da ya kamata a nema

Na farko, a ware wani kaso sananne na kuɗin man fetur da ma'adinai, a rubuta shi cikin doka, don aikin rani mai tabbas na gyaran ƙasa. A fara da Adar, inda hannu ya riga ya saba. Duk gidan da ya nema ya samu, ba sai an zaɓe shi ba. Mai ba da tallafi na waje in ya zo, ya zuba nasa a cikin wannan tukunya, kada ya kafa tasa.

Na biyu, kafin a sanar da wata sabuwar kyauta, a biya bashin tsohuwa. A sa wa'adin biyan gidajen likita, a riƙa liƙa abin da aka biya da abin da ya rage a ƙofar kowane asibitin gunduma, a kuma karanta a gidajen rediyon al'umma da Hausa da Tamajak da Fulatanci.

Na uku, a fara fansho ɗan kaɗan ga duk wanda ya kai wasu shekaru da za a tsayar. Tsufa ba ya ɓuya, ba ya kuma buƙatar mai gari ya sa baki. Wannan zai tilasta a gyara rajistar haihuwa da katin shaida, abin da kowane tsari na gaba zai amfana da shi.

Na huɗu, a buɗe wa ɗan ci-rani da mai sana'ar hannu ƙofar zuba kuɗi da son ransa ta waya, gwargwadon ƙarfinsa, don inshorar lafiyar iyalinsa a gida da kuma tsufansa. Wanda ke iya aiko jaka ashirin duk wata zai iya ware jaka ɗaya, in ya yarda ba za a ci ba. Yardar ce ke da wuyar samu, kuma da bayyana lissafi kaɗai ake samunta.

Na biyar, a maido wa talaka bakinsa. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, a Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisunsu aka naɗa kantomomi. Kantoma na iya zama mutumin kirki, amma wanda ya naɗa shi yake wa bayani. Ko wane irin tsari ƙasa za ta zaɓa nan gaba, dole a sami wurin da matar Ibohaman za ta ce an cire sunana ba bisa ƙa'ida ba, a saurare ta, a ba ta amsa a rubuce.

Ku matasan birni da ku 'yan ci-rani, wannan magana taku ce kafin ta kowa, domin ku ke biyan kuɗin rashin tsarin duk wata. Ƙungiyoyinku na 'yan asalin gari a Abijan da Kwatano da Yamai sun gina masallatai da azuzuwa, sun sayi motocin ɗaukar marasa lafiya. Ku ci gaba. Amma duk ranar da wani babba ya zo neman gudunmawarku, ku tambaye shi bashin nawa asibitin Buza ke bin baitulmali, da ranar da za a biya.